Gurbin da Sabesan Yake Bar wa Goge

A kan kujerar roba aka fito da shi daga cikin motar, direba riƙe da gefe ɗaya, mai shagon kofi na bakin layi riƙe da ɗayan, ɗansa Chandru yana biye yana ta "a hankali, a hankali" kamar shi ne ya ɗauko nauyin. Komalam na duƙe a ƙofar gidanta da garin shinkafa a tafin hannu, ta kai rabin zanen adon da ake yi a ƙasa a bakin ƙofa kowace yamma. Ba ta yi niyyar ɗagowa ba. Shekara goma sha tara ke nan rabon da ta ɗaga ido ta dubi maƙwabcinta Sabesan, duk da bango ɗaya ne ya raba ɗakinsa da nata. To amma ido ba ya jin magana.

Ta bi shi da kallo. Kwana shida kacal a asibiti, mutumin ya koma kamar tsumma. Bakin nan da ya yi shekara sittin yana cika haikalan Kumbakonam da waƙa ya karkace gefe guda, hannun hagu yana reto. Na dama ne kawai ke aiki. Yana kan cinya: ya buga, ƙaramin yatsa ya sauka, na kusa da shi, na tsakiya, ya buga, ya juya tafin, ya buga, ya juya.

"Appa, ka bar hannun nan ya huta mana," in ji Chandru. Ya juyo wajen matan layin da suka firfito kan dakali. "Jijiya ce. Likita ya ce haka take yi, ba da saninsa ba ne."

Matan suka yi ta "ayyo, ayyo" suna girgiza kai. Komalam ta mayar da idonta ƙasa. Jijiya! Ka ji yaro, an haife shi a gidan waƙa, ya tafi Bangalore aiki ya manto kunnensa can. Wace jijiya ce ta san takwas? Wace jijiya ce za ta yi wannan tafiyar mai nauyi, ba gaggawa ba lalaci, ta dawo farko daidai a kan kari? Ita ta san ƙidayar, ta ma san waƙar da ake ƙirga wa. Da ta dubi zanenta ta ga layi ɗaya ya karkace ya shige cikin ɗan'uwansa, sai ta sa ƙafa ta share shi.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana zama a hagun mutumin nan da gogenta, kan gogen jingine a idon sawunta, gindinsa a ƙirjinta, tana bin muryarsa duk inda ta sa ƙafa. Anna take ce masa, wato yaya, shi kuwa "ke yarinya" yake ce mata har furfura ta fara fito mata. Kowa a garin ya san abin da ake zuwa ji a wurinsu. Ba yawan waƙoƙi ba ne. Jira ake a zo inda waƙa takan daina tafiya ta nemi wuri ta zauna, inda ake kira niraval. Sabesan sai ya ɗauki ɗango ɗaya tak ya ƙi wucewa. Kalmomin suna nan inda aka dasa su a cikin ƙidayar, ba mai matsar da su, amma muryar tana da izinin yawo: ta nutsa ƙasa, ta hau sama, ta tsaya kan kalma ɗaya tana lallashinta, muddin dai za ta dawo bakin ɗangon daidai lokacin da ƙaramin yatsa ya sauka. In ya yi zagaye huɗu sai ya yi shiru, hannunsa ya ci gaba da ƙirga, goge ya amsa masa. Ya sake ɗauka, ta sake amsawa.

Ɗangon da ya fi so daga waƙar mahaifinsa ne, wadda tsohon ya yi wa Uwa, abar bautar haikalin unguwarsu, kuma ba mai rera ta sai 'yan gidan: *Kogi ya san hanyar gidanki, Uwa, ni ne na ɓata.* Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Sabesan sai ya shafe rabin awa a cikinta. Yau ka ji kamar kuka yake, gobe kamar tsokanar Uwar yake yi, jibi kuma ka rasa gane wanne ne, ka dai ji idonka ya ciko.

Akwai doka guda, ba a rubuce take ba amma ko mai sharar zaure ya san ta. Mai goge ba ya wuce mawaƙi. In an ba shi huɗu, huɗu zai mayar, in yana da ladabi ma uku da rabi. Kuma ba shi ke sauke ɗangon ba. Nasa ya kawo shi bakin ƙofa, mai waƙa ya shiga da shi.

A bikin haikali na wata shekara Sabesan ya hau dandamali da mura. Muryar ta ƙi hawa. Ya yi huɗunsa da ƙyar ya miƙa mata. Komalam ta rufe ido ta ja baka, sai ga wata hanya ta buɗe mata a cikin ɗangon da ba ta taɓa sanin tana nan ba. Ta bi. Ta ga wata a bayanta, ta bi. Ko da ta buɗe ido zagaye takwas ya wuce, zauren ya kaure da tafi, wani tsoho mai ƙaton baki a sahun gaba ya ce, yadda kowa zai ji, "Yau goge ne ke waƙa, maƙogwaro na rakiya!" Aka kwashe da dariya. Sabesan ma ya yi murmushi. Amma bai karɓi ɗangon ba. Ya bar shi nan a rataye, ya tsallaka zuwa waƙar rufewa, ya naɗe mayafinsa ya sauka. Washegari matarsa Pankajam ta shigo da 'yar tabarmar da Komalam ke zama a kai a gidansu, da kwalbar man da take shafa wa yatsa, ta ajiye su, idonta jawur, ta juya ta fita.

Da Komalam ta tsallaka dakali ɗaya ta ce "Anna, na yi laifi," da tuni an wuce wurin. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ta ƙi. Gaskiyar magana ba ta yi nadama ba, kuma ba ta iya ƙarya ba: takwas ɗin nan su ne mafi kyawun abin da hannunta ya taɓa yi a duniya, ta yaya za ta ce a yafe mata su? Shi kuma babba ne, an yi masa dariya a garin ubansa. Kowa ya ja tunga. Girman kai rawanin tsiya ne, su biyun kuwa kowa ya naɗa nasa. Ya nemi wasu masu gogen, ita ta bi wasu mawaƙan, har tsufa ya zaunar da su duka a gida.

Sai dai bangon. Kullum da sassafe, kafin mai madara ya kaɗa ƙararrawar kekensa, Pankajam za ta buɗe ɗan akwatin amo ta riƙa matsa zugazuginsa da hannu, amon nan guda ɗaya ya ratso bango kamar ƙamshin girki. Sabesan ya ɗauki ɗangon. Zagaye huɗu. Sannan shiru, ba abin da ake ji sai tafi a kan cinya, huɗu cif. Ya sake ɗauka. Komalam tana kicin tana tace kofi, tana gaya wa kanta tsufa ne, numfashi ne ya yi masa ƙaranci. Ita kuwa ba ta taɓa gogenta sai da tsakar rana, in ta tabbata ya yi barci, a ƙuryar ɗaki, ta kuma maƙala masa abin maƙale shanya a kan ɗan katakon da ke ɗauke da tsirkiyoyin don ya shaƙe sautin. Ba za ta ba shi ko da ja ɗaya ya ji ba.

Safiyar da ta biyo bayan dawowarsa, amon akwatin bai zo ba. Tafin kawai ya zo. Watan Adi ne, iskar nan da ba ta gajiya tana ta kaɗa ganyen ayaba a bayan gida, mutane na ta zancen an saki ruwa daga madatsa, yau ko gobe zai iso cikin yashin kogin Kaveri. Komalam ta zauna jingine da bangon, kofinta ya huce a hannu. Buga, yatsa, yatsa, yatsa. Ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta tashi ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke.

Da hantsi Pankajam ta shigo. Su biyun ba su taɓa ɓatawa ba. Ta kan katangar baya suke miƙa wa juna irin nono da ganyen miya da labarin unguwa, zancen mutum ɗaya ne kawai ba a yi. Amma yau ta ƙofar gaba ta shigo, ta zauna a kan lilon tsakar gida, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura.

"Manni, yaya jikin nasa?" in ji Komalam. Manni take ce mata, wato matar yaya.

"Wane jiki? Jiki ya tafi, hannu ne ya rage. Ki ba ni kofi. Yaron nan ya zo da wani gari a kwalba wai shi ma kofi ne, ko akuya ba za ta sha ba."

Komalam ta haɗa mata. Pankajam ta yi ta juya shi daga kofi zuwa kwano, daga kwano zuwa kofi, har ya yi kumfa, ba ta kurɓa ba.

"Jiya Chandru ya ɗaure masa hannun da tawul a jikin gado. Wai zai ji wa cinyarsa ciwo. Kin san me ya yi? Hawaye. Mutumin da ko ranar da uwarsa ta mutu ban ga hawayensa ba. Na kwance shi, na ce wa yaron in ya ƙara, shi zan ɗaure." Ta ɗago. "Ki zo, Komalam."

"Shi ya aiko ki?"

"Da wane bakin?"

"Shi ya kore ni, Manni. Ke kika kawo tabarmar da hannunki."

"Ni na kawo, kuma ban manta nauyinta ba. Ke, kada ki raina mini hankali. Ban iya waƙa ba, in na buɗe baki hankaki ma guduwa yake, amma shekara hamsin da biyar ina matsa akwatin nan, ai ko dutse ne ya koyi ƙirga. Huɗu ya yi, huɗu ya bari. Wa yake bar wa? Ni? Ko tsakar da ke bin bango?"

"Numfashi ne, Manni. Tsufa."

"Numfashin da ya iya ƙidaya! Haba, Komalam. Yanzu ma haka yake, ki zo ki ga leɓensa. Huɗu yana motsi, huɗu ya tsaya, idon ya koma hagu. Ba kowa a hagun nan sai kwandon magani."

Komalam ta dubi bangon. Ta sani. Tun shekarar farko ta sani, kuma sanin ne ya sa take tace kofinta daidai wannan lokacin kullum, kusa da bangon. Ta dubi yatsunta, gaɓoɓin duk sun kumbura sun lanƙwashe.

"In na zo ya kawar da kai fa?"

"Kin taki sa'a, wuyan ma ba ya juyawa."

Dariya ta kuɓuce musu su biyun, mummunar dariya, ba su san lokacin da ta koma kuka ba. Pankajam ta share fuska da gefen zanenta, ta shanye kofin a tashi ɗaya, ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Likita ya ce kwana biyu, in ya yi yawa uku. Ba don shi kaɗai na zo ba. Shi tafiya zai yi. Ke za a bari da bangon nan."

"Gobe," in ji Komalam.

"Gobe ta Ubangiji ce," in ji Pankajam, ta fita.

Da tsakar rana Komalam ta ɗauko gogen. Ta zauna a ƙuryar ɗakin, ta daɗe tana kallon abin maƙale shanyar, sannan ta cire shi. Ta ja baka sau ɗaya. Sautin da ya fito ya ba ta tsoro: ƙato, busasshe, yana rawa kamar muryar tsohuwa. Ashe shaƙewar nan ba Sabesan kaɗai ta ɓoye wa ba, har da ita kanta. A bayan bango tafin ya yi tuntuɓe. Bugu ɗaya ya makara, abin da ba ta taɓa ji ba tun da ta san mutumin. Ta yi maza ta mayar da gogen akwati ta rufe, kunya ta kama ta kamar an same ta tana wanka. Da wannan hannun za ta je gabansa? Ita da ta yi takwas?

Ta kwanta a kan siminti mai sanyi, iskar Adi tana buga taga. Ba barci ba ne, ba ido biyu ba. Ta ga ruwa ya shigo layinsu a hankali, sirara, yana tura busasshen ganye a gabansa, yana bi ta kan zanen ƙofofi bai share ko ɗaya ba. Ya hau dakali ya leƙa gidan Sabesan, ya fito ya leƙa nata. Tana son ta ce masa ya jira ta ɗauko takalmi, bakinta ya ƙi buɗuwa. Can cikin ruwan wani yana tafi, a hankali, takwas-takwas. Da ta farka inuwa ta kai rabin tsakar gida, tafin yana nan.

Washegari da hantsi ruwan ya iso da gaske. Layin ya watse, mata da furanni da ayaba a faranti, maza da tawul a kafaɗa, kowa ya nufi bakin kogi ya yi masa barka da zuwa. Komalam ba ta je ba. Tana tsaye a kicin da ludayi a hannu sai ta ji ƙarar ƙafafun gado ana jan su a kan siminti. Daga nan muryar Chandru, "Riƙe kan, riƙe kan." Ludayin ya faɗi. A al'adarsu ba a barin mutum ya cika a kan gado. In aka sauke shi ƙasa, to an gama magana.

Ba ta san lokacin da ta ɗauki akwatin gogen ba. Dakali ɗaya ne tsakaninsu, taku biyar, ta yi su ba takalmi.

An shimfiɗe shi a kan tabarma a tsakar gida, gefen tukunyar ɗoɗɗoya. An kunna fitilar mai a wajen kansa. Malamin haikali, wani siririn dattijo, yana zaune yana karanta sunayen Ubangiji, an fasa hatimin 'yar tukunyar tagulla ta ruwan Ganga, kogin nan mai tsarki, da ta yi shekaru a ɗakin bauta tana jiran wannan ranar. Hannun yana nan a kan cinya, ya rage ƙarfi, amma bai rage daidai ba.

Chandru ya tare ta. "Gwaggo, don girman Ubangiji, yanzu ba lokacin kiɗa ba ne. Ana karatu."

"Matsa mata," in ji Pankajam.

"Amma, mutane za su ce me?"

"Mutane suna bakin kogi. Malam ya yi nasa a hankali, Ubangiji ba kurma ba ne. Ka miƙo mini akwatin can, ka kuma kawar da kwandon nan daga hagunsa."

Malamin ya dubi gogen, ya dubi hannun, ya sassauta murya ba tare da ya tsaya ba. Komalam ta durƙusa ta taɓa ƙafar Sabesan da yatsu biyu ta kai idonta, kamar yadda take yi duk lokacin da za su hau dandamali. Ƙafar ta yi sanyi.

"Anna, na zo," ta ce. Ba ta ƙara komai a kai ba.

Idonsa ya zo hagu ya tsaya. Ta zauna ta tanƙwashe ƙafa, ta jingina gogen, ta ɗiga mai a kan yatsa. Pankajam ta fara matsa akwatin, amon nan ya cika tsakar gidan, na Sabesan ne, mai kauri, wanda Komalam za ta gane ko a tsakiyar kasuwa. Ta daidaita tsirkiyoyin da shi. Sannan ta zuba wa leɓensa ido.

Yana motsi. Ba sauti, sai ɗan huci. Ta ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Leɓen ya tsaya. Hannun ya buga, ƙaramin yatsa ya sauka.

Ta shiga. Kai, abin ba kyan ji! Bakan ya yi karkarwa, yatsan ya sauka kusa da wurinsa ba a kansa ba. Girar Sabesan ta dama, wadda ta rage da rai, ta ɗaga sama, daidai yadda take ɗagawa shekara arba'in da suka wuce.

"Na ji, na ji," in ji Komalam, hawaye na zubo mata. "Ka yi haƙuri da tsohuwa."

Ta kai huɗunta da ƙyar ta miƙa masa. Leɓen ya ɗauka. Ta kalli maƙogwaronsa, ta kalli girar, ta kalli yadda haɓarsa ke ɗan ɗagawa, sai ta gane inda yake: ƙasa yake, can ƙasa, yana tsaye kan kalmar *kogi* yana jan ta a hankali. Ba ta buƙaci sauti ba. Shekara goma sha tara ta yi tana sauraron mutumin nan ta bango, ta san kowace kwana da zai sha kafin ya sha ta. Da ya tsaya ta amsa masa abin da ya faɗa, a ƙasa ita ma, ta mayar masa da *kogin* nasa. Wannan karon yatsan ya sauka a wurinsa.

Daga nan ba ta ƙara sanin adadin zagayen ba. Ya hau kaɗan, ta hau. Ya tsaya kan *Uwa* yana roƙo, ta tsaya ta taya shi. Ya yi wani ɗan juyi na tsokana a kan *ni ne*, irin wanda yakan yi ya kalle ta ta gefen ido, ta kama shi ta mayar, gefen bakinsa mai rai ya motsa. Rana ta sauko ta buɗaɗɗen rufin tsakar gidan ta kwanta a kan ƙafafunsa. Karatun malamin ya koma nesa. Komalam ta fara jin muryar, ba za ta iya rantsewa da kunne ta ji ba, amma ta ji ta: ba ta tsufan ba, ba ta murar ba, waccan ta da, mai faɗi, wadda takan sa mai sayar da gyaɗa a ƙofar haikali ya bar ciniki. Chandru ya zauna a ƙasa jingine da ginshiƙi, bakinsa a buɗe, yana kallon hannun ubansa kamar yau ya fara ganinsa.

Ta yi huɗu ta kawo ɗangon bakin ƙofa, ta ɗaga baka. Leɓen bai motsa ba.

Ta jira. Ta dubi hannun: yana tafiya. Ta dubi idon: yana kanta, a buɗe, ba alamar ya ɓata. Zagaye ɗaya ya wuce ba komai a cikinsa sai amon akwati. Haɓar ta ɗaga kaɗan, sau ɗaya.

"Cewa yake ki ci gaba," in ji Pankajam a hankali. "Ke ma kurma ce?"

"Anna, huɗu na yi. Naka ne."

Haɓar ta sake ɗagawa. Girar ma ta ɗaga, irin ɗagawar faɗa.

Komalam ta sa baka. Da farko tana taka-tsantsan, tana leƙen fuskarsa a kowane bugu ko zai karɓa. Bai karɓa ba. Sai ta rufe ido. Hanyar nan tana nan inda ta bar ta, ciyawa ma ba ta rufe ta ba. Ta bi ta da yatsunta masu ciwo, ba da gudu irin na da ba, da tafiyar mai shekara sittin da huɗu. Inda ta yi tsalle a wancan karon yanzu zagayawa ta yi, kuma a zagayen ta ga abubuwan da ba ta gani ba tana gudu. Ta hau har inda ɗangon ke ƙarewa a sama, ta tsaya kan *na ɓata*, ta faɗe shi sau ɗaya, sau biyu, ba ƙawa ba ado. Duk abin da ta ƙi faɗa a ƙofar gidan nan, da abin da ta yi ta jira a faɗa mata, nan ta zuba su. Tafin yana ƙarƙashinta, ya yi laushi ƙwarai, yana riƙe da ita, bai ce ta sauko ba. Zuciyarta ta yi fari, fari tas, har ta ji tsoron daɗin.

Ita da kanta ta juyo. Ta sauko a hankali, mataki-mataki, ta kawo ɗangon bakin ƙofa ta ajiye masa, ta ɗaga baka, ta buɗe ido.

Hannun ya buga. Ƙaramin yatsa ya sauka. Leɓen ya buɗe, wani dogon huci ya fita mai ɗan sauti a cikinsa, daidai da amon akwatin. Yatsa na biyu ya ɗaga. Bai sauka ba. Ya tsaya haka a sama, sannan hannun gaba ɗaya ya kwanta a kan cinyar.

"Appa," in ji Chandru. "Appa!"

Malamin ya matso ya ɗiga ruwan Ganga a bakin, ya sa ganyen ɗoɗɗoya, ya sunkuya yana faɗa masa sunan Ubangiji a kunne. Chandru ya kifa kai a ƙafafun ubansa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Can nesa ana jin hayaniyar masu dawowa daga kogi, wata tana kiran wata ta jira ta.

Komalam ba ta motsa ba. Bakan yana sama, tazarar yatsa biyu daga tsirkiya, gwiwar hannunta a ɗage. Nasa ne, ba a shiga wa mawaƙi. Kafaɗarta ta fara karkarwa, ba ta sauke ba. Pankajam ma ba ta daina matsa akwatin ba, tana matsawa, tana kallon fuskar mijinta, tana matsawa. Sun daɗe a haka.

Daga baya Pankajam ta cire hannu daga zugazugin, ta miƙo shi ta kan ƙirjin mamacin, ta kama wuyan hannun Komalam ta sauke mata shi a kan cinya. Akwatin ya ci gaba da amo shi kaɗai da 'yar iskar da ta rage a cikinsa, yana sirancewa.